Maganin da ke ceton kifi yana kashe maƙwabtansa

Fararen ɗigo kamar barbaɗin gishiri a jikin kifi, da yawan goga jiki a duwatsu, su ne alamun farko da mai kiwon kifin ado a akwatin gilashi na ruwan teku ke gani idan ƙwayar cutar Cryptocaryon irritans ta ɓulla. Sai dai gaggawar zuba magani kan jawo asarar da ta fi ta cutar.

Sinadarin jan ƙarfe, wanda aka fi amfani da shi, guba ne ga murjani, jatan lande, ƙaguwa da dodon koɗi. Duwatsu da yashi kan tsotse shi, su riƙa sakinsa sannu a hankali. Rage gishirin ruwan ma halaka su yake yi.

Mafita ita ce a kwashe dukkan kifayen, har da masu alamar lafiya, zuwa wani akwati daban, a yi musu magani can. Babban akwatin kuwa a bar shi babu kifi tsawon kwana 76. Ƙwayar ba ta ci sai a jikin kifi, don haka duk wadda ta ƙyanƙyashe mutuwa za ta yi. A kuma ware wa kowane akwati komarsa.