Babban Banki Da Haƙƙin Jama'a Na Sanin Abin Da Ake Yi Da Kuɗinsu

A yawancin ƙasashe babban banki ne ke buga kuɗi, yake tsayar da kuɗin ruwa, yake kuma tallafa wa bankunan da suka shiga matsi. Shawarar da 'yan tsirarun mutane suka yanke a ɗakin taronsa tana iya sauya farashin kwanon masara a kasuwa. Saboda nauyin wannan aiki aka ba shi 'yancin gashin kai, don kada 'yan siyasa su riƙa tilasta masa buga kuɗi duk lokacin da zaɓe ya ƙarato. To amma wa zai bincike shi? Amurkawa sun fafata a kan wannan tambaya, kuma akwai abin koyi a fafatawarsu.

Tun 1978 dokar Amurka ta hana GAO, ofishin da ke binciken kuɗin gwamnati a madadin majalisa, duba harkokin manufar kuɗi na babban bankin ƙasar, wato Fed. Da tattalin arziki ya durƙushe a 2008, Fed ya yi ta zuba wa bankuna rancen gaggawa, ya kuma ƙi bayyana sunayensu, a daidai lokacin da ake ƙwace gidajen mutanen da suka kasa biyan bashi. Ran jama'a ya ɓaci. A 2009 ɗan majalisar wakilai daga Texas, Ron Paul, ya gabatar da ƙudirin binciken bankin. Masu goyon bayansa suka duƙufa: buga waya ofisoshin wakilansu, tara sa hannu, tsare ɗan majalisa da tambaya a taron mazaɓa. Kafin a ankara, fiye da wakilai 300 cikin 435 sun sa sunansu a ƙudirin, daga jam'iyyun ƙasar biyu.

Shugaban Fed na lokacin, Ben Bernanke, ya ja daga. Hujjarsa ita ce bincike zai buɗe wa 'yan siyasa ƙofar katsalandan, kuma bayyana sunan bankin da ya ci rance zai sa masu ajiya su ruga su kwashe kuɗinsu. Hujja ce mai nauyi, shi ya sa aka tsaya a tsakiya. A 2010 Majalisar Dattawa ta amince da gyaran Sanata Bernie Sanders, na a binciki rancen gaggawar a kuma bayyana waɗanda suka karɓa, da ƙuri'a 96, ba wanda ya ƙi, aka shigar da shi cikin dokar gyaran harkar kuɗi ta Dodd-Frank. Ranar 1 ga Disamba 2010 Fed ya fitar da bayanan hulɗoɗi sama da 21,000. Rahoton GAO na Yuli 2011 ya nuna jimillar rancen ta kai kimanin dala tiriliyan 16, in aka lissafa kowane sabunta bashi a matsayin sabo, kuma cikin masu amfana har da bankunan Turai irin su Barclays da Deutsche Bank. Cikakken binciken da Ron Paul ya nema bai zama doka ba: ya wuce majalisar wakilai a 2012 da 2014, ya maƙale a ta dattawa a 2016. Duk da haka, yanzu dole ne Fed ya bayyana masu karɓar rancensa bayan shekara biyu, kuma bankin bai rushe ba don an leƙa littafinsa.

Mu a Najeriya doka ba ta bar mu hannu rabbana ba. Dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta wajabta wa gwamnansa bayyana gaban majalisa sau biyu a shekara, da miƙa bayanan asusunsa duk shekara. Sashe na 38, yadda aka kafa shi a 2007, ya taƙaita rancen da zai ba gwamnatin tarayya a kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigarta na shekarar da ta gabata. Amma rancen nan ya kai naira tiriliyan 22.7 kafin majalisa ta amince a Mayu 2023 a mayar da shi bashin shekara 40. Bayanan asusun 2016 zuwa 2022 kuwa sai a Agusta 2023 jama'a suka gan su. Da aka sanar da sauya fasalin naira a Oktoba 2022, ministar kuɗi Zainab Ahmed ta shaida wa dattawa cewa ba a tuntuɓi ma'aikatarta ba. Wahalar da ta biyo baya ta sa jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli.

Ko uwar adashi, komai amanarta, tana faɗa wa masu zubi wanda ya kwasa da wanda ya rage. 'Yancin babban banki na nufin a bar shi ya yanke shawara, ba ya nufin ya ɓoye ta bayan ya yanke.

Don haka ƙungiyoyin 'yan kasuwa da manoma da malamai da ɗalibai su nemi wakilansu da tambayoyi ƙayyadaddu. Gwamnan babban banki ya zo gabanku bana? Nawa gwamnati ta ranta a wurinsa? An wallafa bayanan asusun bara? A rubuta takarda, a kai ofishin mazaɓa, a halarci zaman jin ra'ayin jama'a, a yi amfani da dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Ɗan majalisa yana motsawa ne idan ya ga masu zaɓensa sun san haƙƙinsu kuma ba za su daina tambaya ba.