Yaronmu za shi Dakar koyon aikin jarida

Ƴan uwa, wani lokaci kukan ji an ce ɗan wane ya tafi ƙasar waje koyon aikin rediyo. Ina yake zuwa? Me yake koyo?

A Yamai akwai lakwal ta wannan aiki, wadda a da ake kira IFTIC. Amma wasu yara suna zuwa Dakar, babban birnin Senegal. Can akwai lakwal mai suna CESTI. An buɗe ta a 1965 da taimakon UNESCO. Sai da jarrabawa ake shiga, karatun kuma shekara 3 ne.

Kafin ya tashi, sai ya nemi fasfo. Sai kuma ya je likita a yi masa allurar rigakafin shawara, a ba shi takardar shaida. Kuɗi ba sai ya canza ba, sefa ɗaya muke kashewa da su.

Ranar farko da wuya. A aji Faransanci ake yi, a kasuwa kuwa Wolof. Babu fura, sai shinkafa da kifin teku. Agogonsu ma yana bayan namu da awa guda, iyaye su tuna da haka in za su kira shi.

Yana koyon rubutu, da riƙe makirfo, da ɗaukar hoto. Amma babban darasi shi ne bincike. In an ce fara ta ci gero a wani gari, ba ya faɗa a rediyo nan take. Sai ya tambayi manoma, ya tambayi malamin gona. In da hali, ya je gonar ya gani da idonsa.