Sanin Hanyar Guguwa Daban, Sanin Ƙarfinta Daban

Duk lokacin da hadari ya taso daga gabas a tsakiyar damina, ya zubar da ruwansa ya yi yamma, nakan tsaya in yi tunanin inda zai ƙare. Mai karatu zai yi mamaki idan na ce masa wani sashe na wannan hadarin da ke ratsa Borno da Kano da Sakkwato shi ne kan rikiɗe ya zama mahaukaciyar guguwar da ke rushe birane a Amurka. Iskar da ke ɗauke da shi takan taso daga wajen tsaunukan Habasha da Darfur, ta keta yankin Sahel duk bayan kwana uku zuwa biyar, ta faɗa Tekun Atilantika ta gaɓar Senegal. Idan ta tarar zafin ruwan tekun ya kai digiri 26 da rabi, sai ta fara juyi tana shan tururi har ta ƙasaita. Mafi yawan manyan guguwowin wannan teku daga nan asalinsu yake.

Tambayoyi biyu ne ke gaban masu hasashe a Cibiyar Lura da Guguwa ta Amurka da ke Miami: ina guguwar za ta hau tudu, kuma da wane ƙarfi? Sukan tattara hotunan tauraron ɗan'adam, su tura jiragen sama su kutsa har cikin idon guguwar suna sakin na'urorin auna iska da zafi, sannan a ɗura bayanan cikin manyan kwamfutoci. Duk bayan awa shida sai su fitar da sanarwa, kuma tun 2003 hasashen nasu yana kaiwa kwana biyar gaba.

A tambaya ta farko an ci nasara ƙwarai. Dalili kuwa shi ne guguwa ba ita ke zaɓen hanyarta ba, manyan iskokin sama ne ke jan ta kamar yadda kogi ke jan ƙwarya, kuma waɗannan iskoki suna da faɗin da na'ura za ta iya gani. A 1990 kuskuren hasashen kwana uku yakan haura kilomita 500, yau bai kai 200 ba. Duk da haka zanen da ake nunawa a talabijin, mai siffar mazurari, yana ruɗar jama'a. Yana nuna inda tsakiyar guguwar za ta iya bi ne kawai, kuma sau ɗaya cikin uku takan fita daga cikinsa. A watan Agusta na 2004 mutane sun zuba ido a kan layin tsakiya da ya nufi Tampa, sai guguwar Charley ta ɗan karkata ta afka wa Punta Gorda, garin da tun farko yana cikin zanen.

Tambaya ta biyu ita ce mai wuyar sha'ani. Ƙarfin guguwa ya dogara ne ga abubuwan da ke faruwa a ƙuryar cikinta, da zurfin ruwan ɗumi da ke ƙarƙashinta, da busasshiyar iskar da ka iya shiga ta karya mata lago. Ana raba ta mataki biyar: na farko yana farawa daga gudun kilomita 119 a awa, na biyar daga 252. A ranar 25 ga Oktoba, 2023, guguwar Otis ta faɗa wa birnin Acapulco na ƙasar Meziko. Kwana ɗaya kafin nan an san inda ta dosa, amma ba a zaci za ta wuce matakin farko ba. Cikin wuni guda gudunta ya ƙaru da fiye da kilomita 150 a awa, ta iso da tsakar dare a mataki na biyar, ta hallaka mutum sama da 50. Wanda aka ce ya shirya wa ɗan maraƙi, sai ga ɓauna a ƙofar gida.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne Katrina, domin a nan masu hasashe sun sauke nauyinsu. Tun daren 26 ga Agusta, 2005, suka nuna cewa kudu maso gabashin jihar Louisiana ta nufa. Washegari shugaban cibiyar, Max Mayfield, ya buga wa gwamnoni da magajin garin New Orleans waya da kansa. Sai ranar 28 aka ba da umarnin kowa ya fice, alhali dubban talakawa ba su da mota ba su da kuɗin mota. Ranar 29 ta hau tudu a mataki na uku, wato ta ma rage ƙarfi daga na biyar, amma tekun da ta turo ya kai mita 8 a gaɓar Mississippi, ganuwar da ke tare ruwa ta ɓalle, kashi 80 cikin 100 na New Orleans ya nutse. Kusan mutum 1,400 suka rasu. Ashe matakin iska ba ya faɗin dukkan labari, domin ruwa ya fi iska kisa.

To, mu ina ruwanmu, tunda irin wannan guguwa ba ta zuwa mana? Ina ganin da ruwanmu tsundum. Hukumar NiMet takan fitar da hasashen damina kowace shekara, hukumar NIHSA kuma takan bayyana yankunan da ambaliya ka iya shafa. Duk da haka ambaliyar 2022 ta ci rayuka fiye da 600, kuma a Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle ta mamaye Maiduguri. Gargaɗin da ya tsaya a ɗakin taro na Abuja, cikin Turanci, bai kai kunnen masunci da manomin fadama ba. Wanda ya ji ma, in ba a tanadar masa mota da matsuguni ba, ina za shi?

Nakan ji wasu, har cikin 'yan boko, suna cewa hasashe shiga gaibu ne, ko su ce an yi gargaɗi bara ba a ga komai ba. Sanin gaibu sai Allah, babu ja. Sai dai mai hasashe lissafi yake yi da alamomi, kamar yadda tsoho ke duban gabas ya ce a kwashe shanya. In ruwan bai zo ba, asarar ɗan wahala ce. In ya zo an yi sakaci, asarar hatsin shekara ce. Alhakin da ke kanmu, mu da muka yi karatu, shi ne mu fahimci cewa hasashe yana da gefen kuskure, mu yi shiri don mafi munin abin da ya nuna, sannan mu isar da shi ga mutanenmu ta rediyo da masallatai da fadar masu unguwa, cikin harshen da suke ji. Hausawa dai sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Allah Ya kiyashe mu, Ya ba mu damina mai albarka.