Rama da Kasala ga Mai Juna Biyu: Yaushe Ne Abin Ya Wuce Laulayi?

Duk ranar awo, da zarar mace ta miƙa katinta, abu na farko da ake yi mata shi ne a ɗora ta a kan sikeli. Mata da yawa na ɗaukar wannan a matsayin al'adar asibiti kawai, wasu ma ba sa tambayar nawa aka samu. Alhali kuwa wannan lambar da nas ke rubutawa a kati takan riga mai cikin kanta sanin cewa akwai matsala. Zane ba ya nuna rama da wuri, kuma ciki na ƙara girma ko da jikin uwa na zubewa.

Mace mai matsakaicin jiki ana sa ran ta ƙara nauyin kilo 11 zuwa 16 daga ɗaukar ciki zuwa haihuwa. A watanni ukun farko ƙarin kaɗan ne, wata ma takan ɗan ragu saboda amai da ƙin abinci. Kasala da yawan barci a wannan lokaci ba abin tsoro ba ne. Amma daga wata na huɗu laulayi yakan lafa, abinci ya fara shiga, nauyi ya riƙa hawa da kimanin kilo ɗaya da rabi zuwa biyu a kowane wata. Idan aka zo awo sau biyu a jere sikeli bai motsa ba, ko ya koma baya, ga kuma gajiyar da barci ba ya kawar da ita, to maganar ta wuce "ai haka ciki yake".

Mun san yadda ake yi a gida. Kaka ta ce yaron ne ke shan jininta, za ta murmure bayan ta sauka. Maƙwabciya ta kawo jiƙo ta ce shawara ce. Maigida ya biya kyamis ya sayo kwalbar maganin ƙarin jini, kowa kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Idan cikin fari ne, kunya ma takan hana yarinya faɗin abin da ke damunta. Haka ake cinye wata biyu ko uku. Rama ba ita ce cutar ba, alama ce ta wani abu da ke ɓoye, kuma muddin ba a gano shi ba, duk abin da aka sha lalube ne a cikin duhu. Mafi haɗari shi ne ƙwayoyin sa ƙiba da ake kira sha-ka-fashe. Wasunsu na kumbura fuska har a zaci an warke, alhali suna raunana garkuwar jiki, suna tayar da suga, suna ba tarin fuka damar bazuwa.

Abin da likita ke nema

Bincike yakan fara da tambayoyi, kuma amsar gaskiya ta fi kowane gwaji saurin kai likita ga hanya. Yaushe ramar ta fara, kafin ciki ko bayansa? Kina cin abinci ko ba ya shiga? Akwai tari, zazzaɓi, gumin dare, gudawa? Akwai mai tari a gidan? Wata nawa ne tsakanin wannan ciki da haihuwar baya? Daga nan sai a duba cikin ido da tafin hannu, a taɓa wuya, a saurari ƙirji, a auna tsayin ciki.

Gwajin farko kusan kullum na yawan jini ne, domin ƙarancin jini shi ne kan gaba wajen jawo kasala ga masu ciki. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, awon da ya gaza 11 a farkon ciki ko ƙarshensa ƙarancin jini ne, wanda ya gaza 7 kuwa mai tsanani ne. Mai shi takan ji jiri, bugun zuciya da haki ko da shara ta yi, wata kuma ta riƙa kwaɗayin cin farar ƙasa. Sai dai shi ma ƙarancin jinin yana da nasa dalilin: rashin sinadarin ƙarfe a abinci, tsutsar ciki, sikila, haihuwa kusa-kusa, ko zazzaɓin cizon sauro. Shi wannan na ƙarshe mayaudari ne, don ƙwayoyin cutar kan taru a mabiyiya suna cin jini ba tare da jiki ya yi zafi ba. Shi ya sa ake ba masu ciki maganin kariya daga mako na 13, aƙalla sau uku, da tazarar wata ɗaya a tsakani, ake kuma nanata kwana a gidan sauro. Ƙwayar ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo kada a kora ta da shayi, yana hana ta shiga jiki sosai. Baƙin bayan gida da take sawa ba illa ba ne.

Amma a lura, ƙarancin jini shi kaɗai ba kasafai yake sa mace zubewa ba. Idan rama ta yi yawa, likita zai waiwayi tarin fuka. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi yawan masu wannan cuta a duniya, kuma ga mai ciki takan ɓuya, saboda gajiya da haki da gumi duk sai a ɗora wa cikin. Tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma da gumin da ke jiƙa shimfiɗa da dare sun isa a kai kaki gwaji. Na'urar GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, tana ba da sakamako cikin kimanin awa biyu. Idan akwai buƙatar hoton ƙirji, ana rufe ciki da rigar kariya a ɗauka. Wani tarin fukar ma ba ya zuwa da tari, sai dai ƙulli a wuya. Magani kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa wata shida, mai ciki na iya sha, kuma za ta shayar da jaririnta. Barin cutar ba magani shi ne ke jawo bakwaini, da jariri mai nauyin da bai kai kilo 2.5 ba, har da rasa uwar.

Gwajin cuta mai karya garkuwar jiki ana yi wa kowace mai ciki, ba don ana zargin ta da wani abu ba, kuma sakamakon sirri ne tsakaninta da ma'aikacin lafiya. Idan uwa na ɗauke da cutar ba ta shan magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin ɗari kan kamu. Da magani adadin na sauka ƙasa da 5, jikin uwa kuma ya dawo.

Akwai ciwon suga da mace ta shigo ciki da shi ba ta sani ba: ƙishirwa, yawan fitsari, ana ci ana ramewa. Akwai kuma ciwon halittar nan ta gaban wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo. Idan aikinta ya yi yawa sai a ga rawar hannu, jin zafi da bugun zuciya. Dukansu jini ne ke nuna su. Aman da ya hana ko ruwa zama, har mai kilo 60 ta rasa kilo 3, shi ma ba laulayi ba ne, yana buƙatar kwanciya da ƙarin ruwa. Wani lokaci kuma duk gwaje-gwaje su fito lafiya, sai a zaune a gano damuwa ce ta hana ta ci da barci, ko kuwa abincin gidan ne ba ya isa, ita ce ke ci a ƙarshe bayan kowa ya ƙoshi. Waɗannan ma a faɗa wa likita ko unguwarzoma, ba abin kunya ba ne.

Idan gwajin farko bai nuna komai ba

Nan ne iyalai da yawa ke karaya, su ce asibiti ba su ga komai ba, su koma gida. Ba a yin gwaje-gwaje duka a rana ɗaya. Ana farawa da abin da ya fi yawa kuma ya fi sauƙin kuɗi, a ba da magani, a sa ranar dawowa. Idan an dawo sikeli bai gyaru ba, sai a matsa gaba, wataƙila a tura ki wajen likitan ƙirji ko na suga. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce a ga mai ciki aƙalla sau takwas, kuma mai rama takan buƙaci fiye da haka. Ki riƙe katinki da takardun sakamako a leda ɗaya, ki zo da kwalaben duk abin da kike sha, har da na gargajiya. Idan za ki tafi gida goyon ciki, ki tafi da su, don kada a faro bincike daga tushe a wani asibitin.

Maigida, rakiyarka na da amfani. Kai ne ka san ko tana tari da dare, kuma idan tarin fuka ne ko cuta mai karya garkuwar jiki, kai ma da yara kuna buƙatar gwaji.

Kada a jira ranar awo idan ta suma, ko numfashi na yi mata wuya tana zaune, ko ta yi tarin jini, ko jini ya ɓalle mata, ko ta kwana ta wuni ba abin da ya zauna a cikinta, ko motsin yaro ya ragu. A kawo ta sashen gaggawa ko ɗakin haihuwa a kowane lokaci, dare ko rana, tare da katinta.