BABI NA UKU: HANYOYIN AUNA TASIRIN BITAR MA'AIKATAN LAFIYA A GOZAKI

3.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin ire-iren bitar da akan shirya wa ma'aikatan lafiya domin kada majiyyaci ya cutu a hannun mai jiyyarsa. A wannan babi kuwa, za a dubi yadda ake gane ko bitar ta yi amfani, tare da ɗaukar ƙananan asibitocin Gozaki ta ƙaramar hukumar Ƙafur a matsayin misali.

3.1 Dalilin Aunawa

Bayan taron Alma-Ata na 1978, Nijeriya ta fitar da manufarta ta kiwon lafiya a 1988, zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake minista. Manufar ta ɗora nauyin kiwon lafiya matakin farko a wuyan ƙananan hukumomi. Saboda haka, ma'aikacin ƙaramin asibiti shi ke yin allura, ya wanke miki, wani lokaci har ya karɓi haihuwa, kafin a kai ga babban asibitin Malumfashi ko Funtuwa. Idan ya maimaita sirinji ɗaya ga mutum biyu, yana iya yaɗa ciwon hanta ko ƙanjamau. Idan kuma bai wanke hannu ba, mai jego na iya kamuwa da zazzaɓin da zai kai ta ga halaka.

3.2 Matakan Aunawa

Wani masani ɗan Amurka, Donald Kirkpatrick, ya kawo matakai huɗu na auna horo a 1959, kamar haka:

i. Ra'ayin mahalarta game da bitar.
ii. Ilimin da suka ƙaru da shi, ta hanyar jarrabawa kafin bita da bayanta.
iii. Sauyin da ya bayyana a aikinsu.
iv. Sakamakon da ya isa ga waɗanda ake yi wa aikin.

Matakai biyu na farko suna da sauƙi, domin a zauren bita ake kammala su. Sai dai yawan sunaye a rajista da takardun shaidar da aka raba ba su nuna abin da ke faruwa a ɗakin allura. A mataki na uku, wajibi ne mai aunawa ya taka zuwa asibitin bayan wasu watanni, ya zauna ya lura: shin an buɗe sabon sirinji a gaban majiyyaci? An jefa allurar cikin kwalin da aka tanada, ba tare da mayar da murfinta ba? An wanke hannu a lokuta biyar ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a 2009? Hausawa na cewa gani ya kori ji. A mataki na huɗu kuwa, sai a duba littafin asibiti, a ƙidaya waɗanda suka dawo da ƙurji a gurbin allura.

A nan akwai buƙatar hattara. Ƙaruwar rahoton kuskure bayan bita ba lalle ne ta nuna lalacewar aiki ba. Mai yiwuwa ma'aikata ne suka daina ɓoyewa, wanda shi kansa ci gaba ne.

3.3 Kayan Aiki Da Lokaci

Avedis Donabedian ya nuna a 1966 cewa ba a auna aiki da sakamako sai an haɗa da abin da aka tanada. Ma'aikacin da ya koyi wanke hannu, amma ya koma asibitin da babu ruwa da sabulu, ba za a ce bitar ce ta gaza ba.

Haka kuma lokaci yana da muhimmanci. Gozaki ƙasar noma ce, kuma daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka zazzaɓin cizon sauro kan cika asibiti da yara, iyayensu na gaggawar komawa gona. A irin wannan matsi ne ma'aikaci ke tsallake ƙa'ida, don haka a lokacin ya kamata a auna shi.

3.4 Naɗewa

Daga abin da ya gabata, an fahimci cewa ma'aunin bita yana ɗakin allura, ba zauren taro ba. A babi na gaba za a yi bayanin yadda aka tsara takardar lura bisa waɗannan matakai.