Idan haƙorin yaro ya fita kafin lokacin famfara

Nakan ji iyaye a nan Abuja na cewa, "ai haƙorin yarinta ne, wani zai fito." Zai fito kam, amma ina zai zauna? Haƙoran tauna na yara ba sa faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12. Idan kogo ya sa an cire ɗaya da wuri, na gefe sukan karkato su cinye giɓin, sai sabon ya fito a karkace, ko ya maƙale a dasashi.

Shi ya sa likita kan maƙala ɗan zoben ƙarfe mai waya ya riƙe gurbin har sabon ya leƙo. Shawarata, ranar da aka cire haƙorin, ku tambayi likita. Asibitin Ƙasa da na Koyarwa na Gwagwalada duk suna da sashen haƙori.