Jarrabawar Kwamfuta da Yaran Zangon Agege

A watan Mayun 2025 hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a ta amsa cewa tangarɗar na'ura ta ɓata sakamakon ɗalibai 379,997, kuma 206,610 daga cikinsu a cibiyoyi 65 na Legas suka zauna jarrabawar. Shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya nemi gafara cikin hawaye, aka sake jarrabawar. Wannan ɓarakar an ɗinke ta cikin makonni. Wadda ta fi ta illa tana nan: an kai kwamfuta ɗakin jarrabawa tun ba a kai ta aji ba, kuma yaran unguwannin Hausawa irin su Zangon Agege suna cikin masu ɗanɗana kuɗarta.

Tun 2015 da kwamfuta kaɗai ake jarrabawar shiga jami'a. Hukumar WAEC mai shirya jarrabawar kammala sakandare ta fara gwada kwamfuta da ɗalibai masu zaman kansu a 2024, sannan Ministan Ilimi, Tunji Alausa, ya ce daga 2026 ita da takwararta NECO su rungumi tsarin gaba ɗaya.

Koyarwa kuwa ba ta bi sahu ba. Shirin EKOEXCEL da gwamnatin Legas ta ƙaddamar a 2019 ya raba wa malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana, tana kuma lura da zuwan malami aiki. Shirin yana da amfaninsa, amma na'urar a hannun malami take. Yaro zai iya shekara shida yana kallonta daga benci bai taɓa ta ba.

Gida ma ba ya cike giɓin. Ɗan mahaucin mayankar Oko-Oba ko ɗan mai sayar da goro ya iya waya sarai, sai dai dangwala waya daban, sarrafa linzamin kwamfuta agogo na ƙirga masa mintuna daban. Da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, wani kuma da tsaron shago a tsakani. Cibiyoyin gwaji kuɗi ake biya, ga kuɗin data da ya ƙara tsada bayan hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. 'Yan mata sun fi shiga tsaka mai wuya, domin iyaye da yawa ba sa yarda ɗiyarsu ta wuni a shagon intanet. Kasuwar Computer Village ta Ikeja maƙwabciyar Agege ce, amma kusanci ba ya saya wa yaro kwamfuta.

Masu goyon bayan tsarin jarrabawar kwamfuta suna cewa ya rage satar amsa, sakamako kuma yana fitowa da wuri. Haka ne. Amma wannan riba ta hukuma ce kafin ta zama ta ɗalibi.

Idan maki ya faɗi, ba a bambance wanda bai yi karatu ba da wanda na'ura ta ruɗa. Uba yakan ɗauka boko ba rabon ɗansa ba ne, ya mayar da shi kasuwa. A JAMB zaɓen amsa kawai ake yi. WAEC kuwa tana da tambayoyin dogon bayani, kuma muddin aka ce a buga su a kwamfuta, saurin yatsa zai shiga cikin makin ɗalibi.